Ragowar Nonon Inna

Ko da tsufa zai kwashe mini tunani, ranar da ƙwayoyin bakteriyata suka mutu ba za ta fita raina ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a Kalgo, bincikena kuwa a kan enzayim ne, wato sinadaran da bakteriya ke aiki da su wajen ƙera maiƙon da take gina fatar jikinta. Ƙwayoyin kuma daga kindirmon kakata Inna na tace su, can Maruda ta ƙasar Gwandu.

Muna dawowa daga hutun Sallah na tarar wuta ta lalace, firjin ɗakin gwaji ya yi ɗumi, komai ya ruɓe. Malamina, mutum ne da ba ya tauna magana, ya ce ko in samo irin wannan ƙwayar sak, ko in maimaita shekara. Ranar na yi kuka har da majina, ban ji kunyar kowa ba.

Fatana ɗaya tsohuwar ƙwaryar Inna, wadda kullum take barin ragowar nonon jiya a ciki don ya kama madarar yau. Na shiga mota zuwa Gwandu, na hau kabu-kabu zuwa Maruda. Ina shiga gida na ga sabuwar roba shuɗiya a gindin randa. Inna ta ce akuya ta fasa ƙwaryar tun kafin azumi, nonon ya bi ƙasa. Nan na zube a tabarma.

Da na yi mata bayani, dariya ta yi har tana tari.

"Ke ɗiyar nan, a kan wanga kika kuka? Ranar da ƙwarya taf fashe, maƙwabta na aika anka ɗebo min. Su ma can asali nawa na na ba su."

Ashe haka matan unguwar suke yi tun suna amare: wadda nononta ya ƙare sai ta aika wa 'yar'uwarta da ludayi. Na ɗibi nonon robar na koma Kalgo. Da sakamakon gwaji ya fito, ƙwayar nan ce dai, ba ta canza ba. Na yi ajiyar zuciyar da har malamina sai da ya waiwayo.

Tun daga ranar, duk ƙwayar da na tace sai na raba wa abokan aiki. Abin da ka ba maƙwabci, shi ne ka adana.