Kwalbar Yaya Arzika

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, Alhaji Arzika Direba, a gidansa da ke Jega. Nasa muke, kuma wurinSa muka nufa.

Yaya, ni ce Delu, ƙanwarka mai tsiwa.

Shekarun da ka yi kana jigilar albasa daga Aliero zuwa Ikko, mutane suna dawowa da atamfa da rediyo, kai kuwa ka dawo mana da gahawa mai ƙanƙara. Ka ce wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan ƙasar Girka ne ya koya maka a bakin teku. Garin gahawa na gwangwani, da sukari, da ɗan ruwa a kwalba mai murfi, a girgiza har ya koma kumfa, a juye a kan ƙanƙara, a tsiyaya madara. Ranar farko na tofar, na ce ɗacin ya fi na maɗaci. Ka yi dariya, ka ƙara mini sukari, har na zama mai aiko yara da kwano lokacin bazara.

Kana da ƙa'ida guda: mutum ɗaya ba ya girgiza kwalbar. Idan hannu ya gaji, sai a miƙa wa na kusa. Kai ka ƙirƙiro abinka, na sani, domin ban yarda Bature ya faɗi haka ba. Da wannan kwalba ka zaunar da makiyayi da manomi a zaure ɗaya bayan shanu sun shiga gero a Alelu, suka tashi da kumfa a gemu.

Amma ta gagare ka a cikin gida. Tun da 'ya'yanka Waliyyu da Lawali suka ɓata a kan injin ban ruwan gonar albasa, Lawali ya koma Maiyama, ko gaisuwar salla ba ta haɗa su. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Abin ya ci ka fiye da ciwon da ya kwantar da kai, kuma tsoronka kada ka tafi ka bar su haka.

Da jiki ya yi tsanani, likita ya hana ka gahawa. Duk da haka ka sa aka kira su, ka ce a haɗa maka. Waliyyu ya girgiza shi kaɗai, gumi yana zuba, ya ƙi duban ƙanensa. Ka ce, "Ba ni sha, ɗiyana, kumfar nika son gani." Bai miƙa ba. Ka juya fuskarka bango, ni kuma na fita na yi kuka, don na ji haushinsu ƙwarai.

Ranar sadakar uku, rana tana dukan masu zaman makoki, sai ga Lawali da ƙanƙara a buhu, ya ɗauko ta a babur tun daga Maiyama, rabi ta narke. Waliyyu ya shiga ɗakinka ya fito da kwalbar. Ya girgiza kaɗan, hannunsa bai ma gaji ba, ya ce, "Amshi, Lawali." Yaya, ta yi kumfa. Kai ne kawai ba ka gani ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya mana maƙoshi, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Azumi, da 'yarka Rahma, da abokan aikinka na tashar albasa. Waliyyu da Lawali kuwa, Allah Ya ba ku haƙuri, kada kwalbar nan ta sake tsayawa a hannu ɗaya.