Ranar da Ba a Kira Malam Ba

Asibitin da na fara aiki a Dutsin-Ma na wani likita ne mai reshe a Kurfi. Duk hoton ƙashi ko na ciki da aka ɗauka a Kurfi, ta kwamfuta ake turo shi likitan ya duba. Hanya biyu saƙon ke da ita, ɗaya kai tsaye daga faifan eriya da ke kan ƙarfen sabis ɗinmu zuwa nasu, ɗaya kuma ta zagaya ta wani ƙarfe a Tamawa. Wanda ya haɗa su shi ne Malam, dattijon da ya koya mini aikin.

Rauta ita ce akwatin da ke nuna wa saƙo inda zai bi, kuma da hannu Malam yake rubuta wa kowace hanyarta. Idan iska ta karkatar da faifan, komai sai ya tsaya cak, a kira shi, ya hau babur ya zo ya juya saƙonni ta Tamawa. Ranar shi ne babban baƙo. Ma'aikata na ta yi masa sannu, likita ya fito da kansa, a kawo shayi. Ni kuwa abin haushi yake ba ni, don na san akwai masu zaune a benci a Kurfi suna jiran sakamako.

Na dame shi da maganar OSPF, tsarin da rautoci ke gaisawa a kai a kai, suna gaya wa juna hanyoyin da suka sani. Wadda ta daina amsa gaisuwa, sai a ɗauka hanyarta ta yanke, a bi wata. Ya yi dariya, ya tambaye ni ko har da ina gajiya da ya iyali. Sai wata rana muna cin rogo a gindin ƙarfe ya faɗi abin da ke ransa.

"Injiniya, in akwati ya iya zaɓen hanya da kanshi, ni mi za a aje ni in yi?"

Na ce aiki ai ba ya ƙarewa. Ban tabbata ba, shi ma ya san ban tabbata ba. Amma ya yarda in saka tsarin. Shi ne ma ya ce in ɗora wa hanyar Tamawa nauyi a lissafin rautocin, don siririya ce, kada saƙonni su bi ta sai dole.

Da damina ta kankama, wata la'asar hadari ya taso da iska. Ina kallon allo hanyar kai tsaye ta ɓace, kafin in gyara zama ta Tamawa ta ɗauka. Hotuna suka ci gaba da shigowa, likita bai ko ɗaga kai ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Can sai ga Malam jiƙe sharkaf, ya hango faifan a karkace tun daga titi. Wata nas ta gaishe shi tana wucewa da tire. Ya tsaya a bayana ya daɗe yana duban allon, sannan ya kwance wayarsa daga leda, ya duba ko a kashe take. A kunne take.

"Ba wanda ya neme ni?"

"Babu, Malam."

"To, aiki ya yi kyau."

Tausayinsa ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Ya mayar da wayar cikin leda, ya ce bari ya je ya ga faifan. Ruwa bai ɗauke ba, amma ban hana shi ba.