Gefen da Ba a Sharewa

Shekarun baya can, ina koyar da addini a wata firamare tsakanin Roni da Gwiwa, yara suka dame ni da tambaya: me ya sa damina ke jinkiri, me ya sa zafi ke ƙaruwa? Na ga baki kaɗai ba zai gamsar da su ba. Sai na roƙi hedimasta wani fili a bayan aji, inda akwai aduwa biyu da tsohuwar kanya, don mu riƙa darasi a can.

Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, na raba shi biyu. Gefe ɗaya a share kullum kamar tsakar gida. Ɗayan kuwa tsintsiya kada ta taɓa shi, ganye ya zuba ya ruɓe. Sunayen itatuwan na rubuta da ajami a alluna na rataye, don iyaye ma su karanta. Hana mutanenmu shara aiki ne. Ni kaina sau biyu na tsinci tsintsiya a hannuna.

Ran nan cikin bazara, da azahar, mai duba makarantu ya zo daga Kazaure. Ya leƙa, ya ɓata rai.

"Malam, kai mai koyar da tsarki, kai ne da juji a makaranta? Hedimasta, a share a ƙone kafin in tafi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Cire takalmi ka taka nan."

Ya taka gefen da ake sharewa, ya yi tsalle. "Kai! Garwashi ka binne?"

Ya koma kan ganyen. Na sa sanda na ɗaga ganyen: ƙasa baƙa mai sanyi, ƙwari na kai-komo, ga tsiron kanya tun na damina bai mutu ba. Na ce, "Wancan gefen shi ne gonakinmu, in mun sare itace mun ƙone kara."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "A bar wa Malam jujinsa. Amma a toshe ƙayar can, akuya za ta shiga."

Na daɗe da barin aiki. Ban gina aji ko ɗaya ba a rayuwata, amma duk sanda na wuce a kan babur na hango malamin da ban sani ba ya zaunar da yara a wurin, nakan rage gudu. Alhamdulillahi, har yau ba a share shi ba.