Akwatin da Na Bar wa Ruwa

Ƙaryar da ta kai ni bakin teku ƙarama ce. Muna cin tuwo a unguwar Lewisham ta Landan na ce kakana sarkin ruwa ne, alhali a garinmu ruwan da na sani na guga ne. Tun daga ranar ƙanen maigidana, wanda muke ce wa Injiniya, ya laƙaba mini Sarkin Ruwa.

Lokacin da arzikin mai ya zo mana ne. Har irina, da ban wuce aji uku ba, an kawo ni Landan ina tuƙa maigida zuwa ofis a Charing Cross. Su kuwa Turawa man ya yi musu tsada, suna neman wutar lantarki ta wata hanya. Injiniya ya yi mini bayani a mota: ruwan teku kullum yana cika ya janye sau biyu, to so ake a datse bakin kogi, ruwan ya riƙa juya inji. Karatunsa shi ne gano abin da datsiyar za ta yi wa taɓon wurin. In taɓo ya nutse dindindin, tsutsotsi sun tafi, tsuntsayen da ke yada zango sun rasa abinci. Ya ce wasunsu har fadamun ƙasarmu suke zuwa. Na ce to a gaishe su.

Wata takwas yana ƙirga tsuntsaye, yana cika kwalabe da laka, komai yana cikin littafi ɗaya a wani akwatin ƙarfe. Matarsa na can ƙasarmu da ciki, yana gaggawar ya gama kafin ta haihu.

Wata Asabar na kai shi inda kogin Landan ke shiga teku. Ruwa ya janye, taɓo shimfiɗe iya ganinka, tsuntsaye suna ta caka baki. Zai tafi can gaba da madubin hangen nesa, sai ya ajiye akwatin a kan wani dutse.

“Sarkin Ruwa, kafin ƙarfe uku ka hau da shi tudu.”

Na ce ya tafi abinsa. A raina kuwa dariya nake. Bayanin da ya yi mini a mota na ɗauke shi surutun ’yan boko. Kogi in ya janye ai sai damina, wannan ko mai guga ya sani. Na hango ruwan can nesa, na tafi wani shago na zauna da shayi da soyayyen dankali, ina koya wa mai shagon gaisuwar Hausa ba daidai ba.

Da na dawo babu dutse, babu taɓo, tsuntsayen sun tashi. Ruwa ne har gindin katangar bakin teku.

Nan ma ban tuba ba. Da Injiniya ya dawo na ce ɓarayi ne, har na kwatanta mutum biyu da launin rigunansu. Na matsa sai da muka nemo ɗan sanda. Ya tambaye ni inda na bar akwatin, na miƙa hannu ina nuna tsakiyar ruwa. Ya dubi ruwan, ya dubi agogonsa, ya rufe littafinsa.

Muka iso gida a Camberwell. Maigida ya fito yana tambayar akwati, ni kuma na riga na ga kaina a jirgin Kano.

“Ni na manta da lokaci, Yaya,” in ji Injiniya. “Laifina ne.”

Maigida ya yi masa tas a gabana, ina tsaye da makullin mota, ban buɗe baki ba.

Tsuntsayen da lokacinsu suke zuwa, don haka sai da ya ƙara shekara. ’Yarsa ta fara tafiya kafin ya gan ta. Duk Asabar ɗin shekarar ni na kai shi, sabon akwatin a kaina kamar mai talla, ban sauke ba ko da salla zan yi sai a kan tudu. Na koyi sanin dawowar ruwa daga tashin tsuntsaye, na san inda kowane iri ke kiwo. Ko an yi datsiyar ban sani ba, ban taɓa samun fuskar tambaya ba.

Bai daina ce mini Sarkin Ruwa ba, kuma ba da gatse yake faɗa ba. Da ma zagina ya yi.