Harisu Jikan Madugu da Ɓerayen Labo

Harisu bai taɓa sayar da goro ko ƙwaya ɗaya ba, amma a Zongon Wagadugu ba wanda ya kai shi iya zancen goro. Kakansa ne madugu, mai kora jakuna daga kudu. Shi abin da ya gada baki ne kawai. Ya gwada tela, ya ɓata wa mutane shadda. Ya gwada gyaran babur, aka kore shi. Har ya haura hamsin yana zaune a kan benci yana koya wa masu aiki aikinsu.

A 2005 'yar ƙanwarsa Rahinatu ta ji tausayinsa. Ita kaɗai ce a danginsu ta kai jami'a, tana binciken maganin wani gyambo da ya addabi gari, tana gwada shi a jikin hamsta, wasu 'yan ɓeraye masu kumatu da guntuwar wutsiya. Guda arba'in ne, kowanne da kejinsa da lambarsa a jikin kejin. Rabi ana ba su maganin, rabi ba a ba su, kuma lambar nan ce kaɗai ke bambanta su. Watanni biyu suka rage ta kammala. In ta faɗi, tallafin karatunta ya ƙare ke nan. Ta roƙi shugaban labo, wato ɗakin binciken, ya ɗauki kawunta aikin shara da ba su abinci. Uwarta ta ce kada ta yi, ba ta ji ba.

Kwana uku da fara aiki Harisu ya koma Zongo da farar rigar ma'aikatan labo yana duba wa tsofaffi harshe.

Wata Lahadi cikin Afrilu, da rana tsaka, wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Harisu ne kaɗai a labo. Lambar wayar Rahinatu na manne a ƙofa, amma ina jikan madugu zai tambayi yarinya yadda ake raya kaya a cikin zafi? Ya hau keke, ya dawo da kwanduna biyu da ganye da buhun algarara. Ya shimfiɗa ganye, ya yayyafa ruwa. Sannan ya buɗe kejin nan ɗaya bayan ɗaya ya yi zaɓe kamar yadda ya ji ana yi wa goro, farare a kwando guda, jajaye a ɗayan. Ya rufa musu jiƙaƙƙen buhu, ya wanke kejin tas, har takardun lambar ya ɓamɓare don sun yi datti.

Hamsta kuwa ba ya zama da ɗan'uwansa. Kafin la'asar sun yayyage wa juna kunnuwa.

Rahinatu ta iso da gudu don ta ji babu wuta a unguwar. Ta tarar da shi ya harɗe yana fifita.

"Yel ka ye, babu damuwa, 'yata," in ji shi. "Kuran na lantarki ya tafi, kilim mai sanyaya ɗaki ta mutu, amma ƙirga ki gani. Ko ɗaya bai mutu ba."

Ta ɗaga buhun, ta dubi kejin da ke jere a rana suna bushewa.

"Kawu, ina nimero ɗin? Waɗanne ne suka sha magani?"

"Yo ai ga farare can, ga jajaye nan. Wane nimero kuma?"

Ta zauna a ƙasa. Ko kuka ba ta iya yi ba, don baƙin cikin ya fi ƙarfin hawaye. Aikin shekara biyu ne a cikin kwandunan nan yana cizon juna.

Yanzu tana unguwar Tampuy, tana miƙa magani a kantin wani. Harisu kuwa ya koma bencinsa, har yau da farar rigar, don bai mayar ba. Duk baƙon da ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin ranar da ya ceci rai arba'in. In aka tambaye shi Rahinatu, sai ya girgiza kai ya ce yaran zamani ba su da juriyar karatu.