Haliru da Farin Hannun Kan Tukunya

Damina talatin da uku ke nan tun shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, ruwa ya ci gidaje da gonaki a ƙasar Kano. Da wannan daminar nake lissafin abubuwa da dama, kuma da ita zan lissafa wannan, domin a cikinta na fara sa wa Haliru abu a hannu ban san shi ba. Ranar Talata, shida ga watan Yuli, saura mako biyu Babbar Sallah, a kwanakin da mutanen Kuala Lumpur suka fara rataya farin ƙyalle a taga don a san abinci ya ƙare a gida, Allah Ya karɓi abinSa. Haliru Ɗanjuma Fagge ya rasu da hantsi a asibiti, kwana tara bayan cutar annobar nan ta kama shi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ni ne Sirajo, wanda 'yan kasuwar Kwari ta Kano ke aikowa sayen yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman da ke nan Kuala Lumpur. Ban yi boko ba. Faɗa nake yi a waya, Malama Walida ta ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan tana mayar da shi rubutu, kuma na roƙe ta kada ta sassauta mini magana. So nake a karanta wannan yau Juma'a, ba jibi ba. Gobe Asabar da ƙarfe tara yayan mamacin, Malam Abdulwahidu, zai je gidan mamacin a unguwar Setapak da mota da buhuna, ya kwashe 'yan mutum-mutumin da ke kabad ɗin Haliru ya farfasa su. Ya rubuta haka a zauren ƙungiya na waya, kowa ya gani. Matar mamacin, Hasanatu, tana wurin da ake killace masu cutar, ba za a sallame ta ba sai Litinin. Ta kira ni jiya, numfashi na yanke mata, ta ce, "Baba, kada ka bari a taɓa ɗakin nan sai na fito." Na ce mata to. Ban san yadda zan yi ba a lokacin, amma na ce to.

Haliru, da kai nake yanzu.

Na san ka a Ƙaramar Sallar da ta gabaci annoba. Al'adarka ce ka tara waɗanda ba su da iyali a garin nan su ci tuwo a gidanka. Na shiga falo na tarar da kabad na gilashi da fitila a ciki, 'yan mutum-mutumi sun fi ɗari a tsaitsaye, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba. Duk miyagu ne. Ka ce ba ka tara jarumai, wai duk fuskarsu ɗaya ce. Ka bayyana mini cewa kamfanoni sun koma kan miyagun kayan wasan yaran da, suna sake ƙera su domin manya. Gwiwa tana lanƙwasa, yatsu suna motsi, alkyabbar da da roba ce yanzu yadi ne na gaske. Ka ce akwai masu furfura da ke saya su ajiye a kwali ba sa ko buɗewa. Na tsaya ina kallo, don ni na sayar da na farkon a kan tebur a Sabon Gari, kuma ban taɓa zaton za a sa musu fitila ba.

A layi na biyu na gan shi. Koren kwalkwali kamar an kifa tukunya, ido ɗaya ja. Yaran Kano Kan Tukunya suke ce masa, ba mu taɓa sanin sunansa na kwali ba. Sabon ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, amma an sa masa ƙugiya a hannun dama.

Na ce, "Wannan sun ɓata shi. Hannunsa na dama fari ne, a buɗe yake."

Ka ajiye farantin da ke hannunka. Ka ce, "Baba, sake faɗa."

Na sake faɗa.

Ka ce, "Shekara takwas, Baba! Shekara takwas ina rigima da mutanen Japan da na Amurka a intanet a kan hannun nan. Sun turo mini kundin kamfanin shafi-shafi. Wani ya ce mafarki na yi. Wani ɗan rainin wayo ya ce maleriyar yarinta ce. Hasanatu, fito ki ji, na sami shaida!"

Da na ga yadda kake murna sai na so in yi shiru. Amma ban iya riƙe gaskiyar abin da idona ya gani ba, halina ne, kuma ya ja mini faɗa da mutane da yawa. Na ba ka labari a gaban baƙinka. A daminar Bagauda motar da ta ɗauko mini kaya daga Legas ta kife a hanya. Da na buɗe kwali, miyagu ashirin da huɗu duk ƙugiyarsu ta karye, fararen sojojin da ke yaƙi da su kuma kawunansu sun murƙushe. Na je wajen Hussaini mai liƙin bokiti na ari wuƙarsa, na hura gawayi a bayan rumfa, na yanke hannun kowane farin soja na liƙa wa mugu. Kafin wata ya ƙare na sayar da su duka. Ashe ɗaya daga cikinsu mahaifinka ya saya maka.

Ka kalle ni ka ce, "Wato kai ne kamfanin."

Na ce ni ne.

Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa. Daga baya na ga ranka ya sosu. Ka ce a layinku na Fagge yara sun yi ittifaƙi cewa Kan Tukunya mutumin kirki ne da, sharri ya cinye jikinsa ya bar hannu ɗaya. Duk wasan da za ku yi, a ƙarshe sai ya miƙa farin hannun nan ya tuba. Ka ce, "Baba, ka rusa mana tarihi da wuƙar bokiti." Na ce ban rusa ba, ni na gina shi, ban dai san ina gini ba. Hasanatu ta ce mu ci tuwo kafin ya huce, rigimar tsofaffin yara ba ta ƙarewa.

Da aka rufe ƙasar nan na maƙale. An yi jirgin kwashe mutane, na ƙi shiga saboda kayan mutane suna hannuna. Ka yi mini faɗa, ban ji ba, sai ka daina faɗan ka kama ɗawainiya. Ɗakina yana saman wani kantin yadi da aka kulle, titin da da ba ka samun wurin sa ƙafa ya koma ba kowa sai tantabaru. Duk lokacin da doka ta bari, kana zuwa ka rataya mini tapau, wato ƙunshin abinci, a ƙarfen ƙofa, ka koma can ƙasan bene ka ɗaga murya da yaren mutanen nan kana cewa in ci, "Baba, makan lah, kada ka tsaya bincike!" Kai ka rubuta sunana a waya don allurar rigakafi, kai ka kai ni, ka tsaya a rana awa biyu don ba a barin ɗan rakiya ya shiga. Naka layin bai zo ba. Hasanatu ta ce saƙon ranar allurarka ya shigo wayarka shekaranjiya, kana kabari. Ɗaliban Setapak da kake gyara wa waya da kwamfuta su ma su faɗi nasu. Na san buhunan shinkafa nawa suka hau benensu ba a san mai aikowa ba, don ni ka sa na nemo maka mai sayarwa.

A zaman kullen nan ka ce za ka yi wa Kan Tukunya na Kano sabon jiki. Ka sayi na zamani guda, ka cire ƙugiyar, ka shiga sassaƙa farin hannu da kanka. Kana gamawa sai ka kira ni ta bidiyo ka juya shi a gaban waya. Na farko na ce ya yi tsawo, hannun sojan ya fi na mugun gajarta da kaɗan. Na biyu na ce ya yi fari da yawa, nawa ranar Sabon Gari ta dafa shi. Na uku ka goge mahaɗin sumul, na ce ina tabon? Wuƙa mai zafi tana barin ƙuna, ruwan ƙasa-ƙasa, da ɗan tudu a kafaɗa. Ka ce, "Baba, mutane suna biyan kuɗi a ɓoye musu tabo, kai kana so in zana shi?" Na ce in babu tabo ba na Kano ba ne. Na huɗu ka zana tabon, na ce ya yi tsafta, ni hannuna rawa yake yi ranar saboda ruwa na zuba a wuyana. Ka ce, "Wallahi tsohon nan sai ka kashe ni." Muka yi dariya. Maganar nan tana dawo mini yanzu, ba ta ba ni dariya.

Kiranka na ƙarshe daga asibiti ne, kafin su sa maka injin numfashi. Da ƙyar nake jin ka. Ka ce, "Na biyar yana kan tebur. Kada ka ce bai yi ba sai ka gani da idonka." Ban gani ba har yau. Kai ma ban gan ka ba. Mutane masu fararen kaya da ba mu san fuskarsu ba su suka yi maka sutura, su suka sallace ka, mu muna kallo ta waya. Ban ɗauki makararka ba, ban zuba maka ƙasa ba. Allah Ya saka musu, sun yi abin da aka hana mu.

Malam Abdulwahidu, yanzu da kai nake, kuma a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a ka yi magana. Na kira ka jiya, ka ce mini, "Baba Sirajo, da girmanka. Gumaka ne. Ƙanena yana kwance, ba zan bar su su ƙara kwana a ɗakinsa ba." Na ji kuka a muryarka. Na san ba ƙiyayya ce ta sa ka ba, tsoro kake ji masa, kuma wanda ya goya Haliru a baya yana da hakkin ya ji masa tsoro. Ni ba malami ba ne, ba zan yi jayayya da kai a kan hukunci ba. Ka fi ni karatu ta kowace fuska. Abin da na sani kaɗan ne. Ban taɓa ganin ya durƙusa wa kabad ɗin nan ba, kuma dardumarsa a ɗaya ɗakin take. In laifi ne, daga teburina ya faro, ni na liƙa, ni na sayar, sai a fara da ni. Kuma na san matar da ta zauna shekara goma sha ɗaya da mutumin nan tana kwance a cikin baƙi, ba ta ga gawarsa ba, abu ɗaya ta roƙa. Kwana biyu ne tsakanin Asabar da Litinin. In ta fito ku zauna da malamin da kuka yarda da shi, abin da kuka yanke ba zan ce uffan ba, ko da fasawar ce. Amma kada ta buɗe ƙofar gidanta ta tarar an share mata shi tana can.

Ka ce mini mai gidan hayar ya riga ya ba ka makulli, kana da takardar wucewa shingen 'yan sanda, ni ba ni da ita, in zauna a ɗaki in ja carbi. Gaskiya ka faɗa, ba ni da takarda.

Ya Allah, ga bawanKa Haliru ya zo maKa. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa zafin ƙirjin da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka rubuta shi cikin waɗanda annoba ta yi wa shahada. Ka yalwata kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, Ka sa masa haske, Ka ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da mu ba tare da ya bari an gan shi ba. Ka ba Hasanatu lafiya da haƙuri. Ka sanyaya zuciyar Abdulwahidu. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsu Hajiya Mero a Fagge, wadda ta ji labarin ɗanta ta waya, da dangi duka, da 'yan ƙungiyarmu na nan. Allah Ya ɗauke mana wannan cuta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Gobe in Allah Ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan sa takunkumin fuska biyu, in naɗe tabarmata, in sauka. In na sami mota, to. In direba ya ƙi ɗaukata ba takarda, zan taka, Setapak ba ta fi awa biyu ga tsoho ba. In 'yan sanda sun tare ni zan gaya musu gidan mamaci za ni, su yi abin da doka ta ce. Kafin tara zan hau hawa na goma sha ɗaya in shimfiɗa tabarmar a bakin ƙofar Haliru. Ba zan shiga ba, ko leƙa teburin ba zan yi ba sai mai ɗakin ta dawo. Malam Abdulwahidu, in ka iso zan gaishe ka, in yi maka ta'aziyyar ƙanenka kamar yadda ya kamata, in matsa maka gefe ka zauna. Ba zan ɗaga maka murya ba, ba zan ɗaga hannu ba. Amma bayana yana jikin ƙofar nan har Litinin.