Zaren da Ya Ƙi Almakashin Malam Mani

Malam Mani ɗan Ruwan Godiya ne, shi ke koyar da kemistiri a wata makarantar sakandare a Faskari. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kuma ɗalibai sun shaide shi da iya bayani.

A jami'a ɗaki ɗaya suka zauna da Yahya, mutumin Sabuwa. Lokacin Mani ne mai ƙwaƙwalwa, Yahya kuwa kullum sai ya roƙe shi ya maimaita masa darasi. Suna gamawa mahaifin Mani ya kwanta ciwo, dole ya dawo gida ya riƙe gona da ƙanne. Yahya ya samu ƙaro karatu a ƙasar waje, ya zama Dakta, ya kama aiki inda ake haɗa zaren aramid, wanda ake saƙa rigar kare harsashi da kayan 'yan kwana-kwana da shi.

Bara bayan girbi Yahya ya zo bikin ƙanensa, ya biyo ta Faskari. Shugaban makaranta ya roƙe shi ya yi wa ɗalibai magana. Mani ya goge masa allo, ya koma bayan aji ya harɗe hannu.

Yahya ya ciro curin zare rawaya daga aljihu.

"Sinadarai biyu ake haɗawa cikin sanyi," in ji shi. "Kowanne yana da zobe mai kusurwa shida. Sai wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama doguwar sarƙa miƙaƙƙiya. A narka ta cikin asid mai ƙarfi, ɗan'uwan ruwan batir amma ya fi shi mugunta, a matso ta ta ƙananan ramuka yadda iyayenku mata ke murza taliya, ta faɗa ruwan sanyi. Shi ke nan, ga zare."

Yara suka ɗauki tafi. Mani bai tafa ba. Zoben nan mai kusurwa shida, shi ya koya wa Yahya zana shi.

"Dakta, zare dai zare ne," in ji Mani daga bayan aji. "Miƙo shi nan."

Yahya ya miƙa masa, Mani ya ɗauko almakashi ya danna. Zaren ya maƙale tsakanin bakin almakashin, ya ƙi yankuwa. Ya sake, ya sake, har babban yatsansa ya yi ja. Ya ƙyasta ashana ya kara masa. Bakin zaren ya yi baƙi, amma bai narke ba. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ya fa gagare ka." Aji ya fashe da dariya, Mani ma ya yi yaƙe.

Da suka fito, Yahya ya dafa kafaɗarsa. "Mani, akwai gurbin karatu a wurinmu. Bari in sa sunanka. Wallahi ka fi ni sanin abin ga."

"Mi zan je yi?" in ji Mani. "Ba kowa ke iya tsallake mutanensa ya tafi ba."

Yahya ya janye hannunsa. Ya yi masa sallama ya shiga mota.

Tun daga ranar Mani ya samu abin faɗa a majalisa. Yau ya ce inji ke yin aikin, su Yahya maɓalli kawai suke dannawa. Gobe ya ce Yahya ko awon sinadari bai iya ba a da. Wata rana yana cin tuwo ya sake ɗauko zancen, sai matarsa Mero ta ce, "Malam, ko mahaifiyar mutumin ga ba ta kai ka ambaton sunansa ba."

Ya ture kwanon ya fita, bai dawo ba sai da aka kira la'asar.

Da damina ta faɗi, mota ta zo makarantar da kwalaye: kwalaben gwaji, ma'auni, sinadarai, duk daga Yahya. Shugaba ya sa aka gyara ɗakin gwaji, aka rubuta sunan Dakta Yahya da shuɗin fenti a saman ƙofa, aka damƙa wa Mani makulli, tunda babu wanda ya san kayan sai shi.

Ya jera komai da hannunsa, bai bari kowa ya taɓa ba. Yanzu ɗalibansa suna ganin ruwa na sauya launi a gabansu, har daga Kankara malamai ke zuwa kallo. Shugaba ya matsa masa ya kira Yahya ya yi godiya. Ya kira, ya ce kaya sun iso, Allah ya saka da alheri, sannan ya ƙara da cewa ma'aunin ba irin mai kyau ba ne.